Bijimi mai ƙaho huɗu: yadda malaman Hindu ke tono ma'anar Veda

Nassosin da mabiya addinin Hindu ke kira Veda, kalmar da ke nufin sani a harshen Sanskirit, suna daga cikin tsofaffin littattafan addini da har yau ake tilawarsu a duniya, kuma mafi tsufa a cikinsu, wato Rigveda, ya ƙunshi waƙoƙi 1,028 da aka kasa kashi goma, waɗanda akasarin masana ke ganin an tsara su ne a arewa maso yammacin yankin Indiya tsakanin shekara ta 1500 da ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sauran ukun su ne Samaveda da Yajurveda da Atharvaveda. Nassin da ya kai waɗannan shekaru ba ya rasa duhu, domin harshen da aka yi shi da shi ya tsufa tun a bakin jikokin waɗanda suka tsara shi, sannan waƙoƙin kansu cike suke da abubuwan da ke kama da kacici-kacici: shanu da aka ɓoye a cikin kogon dutse, da maciji da ya tare ruwa ya hana shi gudu, da keken doki mai ƙafa ɗaya, da tsuntsaye biyu a kan bishiya guda, ɗaya yana ci ɗaya yana kallo. Fiye da shekara dubu biyu malaman Hindu suka shafe suna gina hanyoyin fahimtar irin waɗannan maganganu, kuma abin da ya fi ɗaukar hankali a aikinsu shi ne ba su bar ma'anar baɗini a hannun duk wanda ya ga dama ba. Sun gindaya mata sharuɗɗa, ta yadda mai neman ta sai ya fara bi ta kan sauti, ya wuce zuwa kalma, ya auna jimla, kafin a yarda ya ce ga abin da nassi ke nuni da shi.

Sauti ne farko saboda Veda a wurinsu abin ji ne, shi ya sa ma suke kiran sa shruti, wato abin da aka ji, domin bambanta shi da smriti, wato littattafan da mutane suka tsara daga abin da suka tuna. Ƙarnuka da yawa aka yi ana miƙa shi daga bakin malami zuwa kunnen almajiri ba tare da rubutu ba, kuma don kada ko harafi ɗaya ya zame aka ƙirƙiro salon hadda kala-kala: akwai karanta baiti a haɗe, akwai karanta shi kalma-kalma kamar yadda wani malami mai suna Shakalya ya rarrabe kalmomin Rigveda, akwai karanta kalmomi bibbiyu suna cin juna, har zuwa salon ghana mai wuyar gaske, inda ake kai kalmomi gaba a dawo da su baya a sake kai su gaba. Fannoni shida da ake kira Vedanga, wato gaɓoɓin Veda, su ne hidimar wannan nassi: furuci, wanda ya yi kama da tajwidi, da awon baiti, da nahawu, da ilimin asalin kalmomi, da tsarin ibada, da lissafin taurari don sanin lokutan hadaya. Sanskirit na Veda harshe ne mai karin sauti, kuma mai jin Hausa ba ya bukatar dogon bayani a nan, tun da ya san yadda hawa da saukar murya kaɗai ke raba wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ke nufin wahala. Malaman furuci suna jan kunnen almajirai da labarin Tvashtar, wanda Indra, ɗaya daga cikin allolin Veda, ya kashe masa ɗa, ya yi hadaya yana roƙon a ba shi wani ɗan da zai zama ajalin Indra, sai ya ɗora karin sauti a kan gaɓar da ba ita ba a cikin haɗaɗɗiyar kalma, ma'ana ta juye ta koma wanda Indra zai zama ajalinsa. Aka haifi Vritra, wato macijin nan da ya tare ruwa, Indra kuwa ya kashe shi.

Tsananin kula da sauti ya haifar da nasa ciwon. Al-Biruni, wanda ya kammala littafinsa kan Indiya wajen shekara ta 1030 Miladiyya, ya lura cewa limaman Hindu da yawa suna haddace Veda ba tare da sanin ma'anarsa ba, kuma 'yan ƙalilan ne ke karatun sharhinsa. Amma muhawara kan ma'anar Veda ta riga shi da fiye da shekara dubu, domin a cikin Nirukta, littafin da Yaska ya rubuta ƙarnuka da dama kafin Miladiyya don fassara jerin tsauraran kalmomin Veda da ake kira Nighantu, an kawo ra'ayin wani malami mai suna Kautsa, wanda ya ce baitocin Veda ba su da ma'ana kwata-kwata. Hujjojinsa ba na wasa ba ne: ya ce ba a yarda a sauya kalma da takwararta ko a canja jerin kalmomi ba, alhali magana mai ma'ana tana karɓar haka, ya ce wasu baitocin suna yi wa gatari ko ciyawa magana kamar masu ji, ya ce wasu suna karo da juna, wasu kuma ba wanda ya san abin da suke faɗa. Yaska ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya amsa, ya nuna cewa kalmomin Veda su ne dai na maganar yau da kullum, kuma rashin fahimta laifin mai karatu ne. Abin yabawa shi ne bai share sunan abokin hamayyarsa ba, ya ajiye hujjojinsa da ƙarfinsu, wannan kuwa ya zama ɗabi'ar rubutun ilimi a Indiya har abin da ya biyo baya.

Hanyar Yaska ita ce mayar da kowane suna zuwa ga tushen aikatau da ya fito daga gare shi, ra'ayin da ya gada daga Shakatayana, wanda wani malami Gargya ya yi jayayya da shi. Sai dai babbar fa'idar littafinsa ga tarihin tafsiri ita ce ya bar shaidar cewa tun a zamaninsa makarantu daban-daban ne ke karanta baiti ɗaya. Da aka zo kan Vritra, masu bin asalin kalma, waɗanda ake kira Nairukta, sun ce gajimare ne da ya riƙe ruwa, yaƙinsa da Indra kuwa siffanta tsawa da saukar ruwan sama ne, yayin da masu bin labari, wato Aitihasika, suka ce aljani ne na gaske, ɗan Tvashtar. Da aka zo kan tagwayen alloli Ashvin, wasu sun ce sama da ƙasa ne, wasu dare da rana, wasu rana da wata, masu bin labari kuma suka ce sarakuna biyu ne salihai. Daga irin wannan saɓani aka daidaita a kan cewa baiti na iya ɗaukar fuska uku: adhiyajna, wato ma'anarsa a fagen hadaya, adhidaivata, ma'anarsa game da alloli da halittun sama irin su rana da iska da wuta, da adhyatma, ma'anarsa game da ran mutum da abin da ke cikinsa.

Misalin da ya fi fito da wannan a fili shi ne wani baiti a waƙa ta 58 a kashi na huɗu na Rigveda, wanda ke siffanta wani bijimi mai ƙaho huɗu, da ƙafa uku, da kai biyu, da hannu bakwai, ɗaure a wuri uku, yana ruri, ya shiga cikin 'yan Adam. Ba mai hankalin da zai je neman wannan dabba a garke. A cikin Nirukta an fassara bijimin da hadaya kanta: ƙahoni huɗu Veda huɗu ne, ƙafafu uku lokuta uku ne na matse ruwan tsiron soma, da safe da rana da yamma, kawuna biyu ibadar buɗewa ce da ta rufewa, hannaye bakwai kuma ma'aunan baiti bakwai. Patanjali, babban malamin nahawu wanda ya yi sharhin aikin Panini wajen ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ya ɗauki baitin nan ɗin ya ce bijimin magana ce: ƙahonin su ne rukunan kalma huɗu, wato suna da aikatau da ɗafa-goshin aikatau da harafi, ƙafafun su ne lokuta uku na shuɗaɗɗe da na yanzu da mai zuwa, hannayen su ne sigogi bakwai da suna ke ɗauka a jimlar Sanskirit, wuraren ɗauri uku kuwa ƙirji da maƙogwaro da kai, inda sauti ke fitowa. Kowane malami ya ga sana'arsa a jikin bijimin, wannan gaskiya ne, kuma mai suka yana da abin faɗa a nan. Amma ya kamata a lura cewa dukansu biyu sun ɗaure kansu da lissafin baitin, ba wanda ya tsallake ƙaho ɗaya ko ya ƙara hannu, kuma tawilin da ya kasa cika huɗu da uku da biyu da bakwai da uku ba ya samun shiga.

Tushen wannan salon yana cikin Veda kansa, a sashen zube da ake kira Brahmana, inda ake bayanin dalilin kowane motsi na hadaya ta hanyar ƙulla alaƙa, wadda suke kira bandhu, tsakanin abin da ke fagen ibada da abin da ke sararin duniya da abin da ke jikin mutum. Littafin Shatapatha Brahmana ya yi dogon bayani kan ginin bagadin wuta mai hawa biyar da siffar tsuntsu, ya lissafa tubala 10,800, ya ce adadin muhurta ne na shekara, tun da kwana ɗaya yana da muhurta 30 kuma shekararsu ta ibada kwana 360 ce. Mai ginin yana sake harhaɗa jikin Prajapati ne, ubangijin halitta wanda ya wargaje bayan ya yi halitta, kuma wanda shi ne shekara. Waɗannan littattafai sun maimaita a wurare da dama cewa alloli suna son zaurance, ba sa son a faɗi abu tsirara, har suka ce ainihin sunan Indra shi ne Indha, mai kunna wuta, an karkatar da shi ne don a sakaya. Da aka iso Aranyaka, littattafan daji, da Upanishad, sai hadayar ta fara komawa cikin zuciya: Brihadaranyaka Upanishad ya buɗe ne da ɗaukar dokin da ake yankawa a babbar hadayar sarakuna ya mayar da shi duniya sukutum, alfijir ya zama kansa, rana idonsa, iska numfashinsa, shekara kuma gangar jikinsa, ta yadda wanda ba shi da mulki balle doki zai iya samun ladan ta hanyar tunani.

Makarantar da ta taka wa wannan yalwa birki ita ce Mimamsa, kalmar da ke nufin zurfafa bincike, wadda ta ginu a kan taƙaitattun ƙa'idojin Jaimini masu babi 12, da sharhin Shabara, da ayyukan Kumarila Bhatta da Prabhakara wajen ƙarni na 7 Miladiyya. Wanda ya yi karatun usulul fiƙihu zai ga fuskar da ya sani, domin aikin iri ɗaya ne: fitar da hukunci daga nassi bisa ƙa'ida. Malaman Mimamsa sun tafi a kan cewa Veda ba shi da mawallafi, mutum ko abin bauta, saboda haka ba a tambayar me marubuci ya nufa, sai dai me kalmomin suka wajabta. Zuciyar nassi a wurinsu ita ce vidhi, wato umarni, duk sauran zance kuwa hidima yake yi masa. Labaran da ke kewaye da umarni suka kira su arthavada, maganar yabo ko ta kushe, wadda aikinta kwaɗaitarwa ko tsoratarwa. Inda nassi ya ba da labarin cewa abin bautarsu Rudra ya yi kuka hawayensa suka zama azurfa, ba su ɓata lokaci wajen binciken ko hakan ya faru ba. Sun ce labarin yana ƙarfafa hanin da ke kusa da shi ne, na kada a ba da azurfa a matsayin ladan limaman wata hadaya. Inda ya ce turken hadaya rana ne, sun ce ido ya ƙaryata zahirin maganar, don haka yabo ne ga turken saboda ƙyallinsa bayan an shafa masa mai. A nan ne babbar ƙa'idarsu take, cewa ba a barin ma'anar zahiri a tafi majazi sai zahirin ya gagara.

Ƙwarewarsu ta kai har kan tilo da jam'i. Nassi ya ce a goge ƙoƙon soma, da sigar tilo, alhali ƙoƙunan da ake amfani da su suna da yawa. Shin ɗaya za a goge ko duka? Suka ce abin da aka umarta shi ne gogewa, ƙoƙo kuwa wurin da umarnin ya sauka ne, don haka adadinsa ba abin nufi ba ne, duka za a goge. Amma inda aka ce a yi hadaya da dabba, dabbar tana cikin abin da aka umarta, tilon yana aiki, ɗaya za a yanka. Idan hujjoji suka yi karo kan inda baiti ya dace a yi amfani da shi, sun jera ma'auni shida daga mai ƙarfi zuwa mai rauni: furucin nassi kai tsaye, sai alamar da ke cikin ma'anar kalma, sai haɗin jimla, sai babin da maganar take ciki, sai matsayinta a jeri, sai sunan da aka laƙaba mata. Kowace mas'ala kuma tana da tsarin tattaunawa: a kawo nassin, a faɗi shakkar da ke cikinsa, a gina ra'ayin abokin hamayya, wanda ake kira purvapaksha, da iyakar ƙarfinsa, sannan a zo da matsaya. Malaman dokokin Hindu sun ari waɗannan ƙa'idoji wajen sasanta nassosin gado da aure da ɗaukar ɗa, har Kisori Lal Sarkar ya gabatar da jerin laccoci a kansu a Kalkata a 1905 domin amfanin lauyoyi da alƙalai.

Makarantar Vedanta ta gaji kayan aikin Mimamsa ta juya su zuwa wata manufa, domin a wurinta ƙololuwar Veda ita ce Upanishad, abin nema kuma sanin Brahman, haƙiƙar da komai ya dogara a kanta. Malamanta suka tsara alamomi shida na gane manufar nassi: dacewar farkonsa da ƙarshensa, abin da ya yi ta maimaitawa, abin da ya zo da shi wanda ba a iya sani ta wata hanya, sakamakon da ya yi alkawari, abin da ya yaba, da hujjar hankali da ya kafa. Babi na shida na Chandogya Upanishad shi ne fagen gwajin, inda Uddalaka ke karantar da ɗansa Shvetaketu, yana maimaita masa wata jimla mai kalma uku har sau tara, wadda zahirinta ke daidaita wanda ake yi wa magana da waccan haƙiƙa. Ta yaya mutum mai yunwa da mantuwa zai zama daidai da abin da ba shi da iyaka? Mabiya Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, suka koma ga lakshana, wato ma'anar da kalma ke nunawa idan ta farko ta toshe. Misalin da suka saba bayarwa shi ne a ce ruga tana kan kogin Ganga, inda kowa ya san gaɓar kogin ake nufi, kamar yadda idan aka ce kasuwa ta watse ba rumfuna ne suka tashi ba. A wannan jimla sun ce ana zubar da wani ɓangare na ma'anar kowace kalma a riƙe wani, kamar wanda ya ga mutum yau ya ce ai wannan shi ne wancan Devadatta na bara, ya ajiye bambancin wuri da lokaci ya riƙe mutumin. Abin da ya rage bayan zubarwar shi ne tsantsar sani, guda ɗaya.

Ramanuja, malamin ƙasar Tamil wanda ya rasu a ƙarni na 12, bai yarda an kai ga wannan larura ba, ya ce zahirin bai toshe ba balle a zubar da wani abu: rayuka da duniya jiki ne ga Ubangiji, kuma sunan jiki yana kaiwa ga mai jikin, don haka jimlar tana nan a kan haƙiƙarta ba tare da ta shafe bambanci ba. Madhva na Udupi, a ƙarni na 13, ya je nesa da haka ta hanyar nahawu tsantsa, domin a Sanskirit wasula biyu da suka haɗu a bakin kalmomi suna narkewa su zama dogon wasali ɗaya, sai ya ce a cikin dogon wasalin da ya gabaci jimlar akwai ɗan harafin korewa a ɓoye, ma'anar ta koma cewa mutum ba shi ne waccan haƙiƙa ba. Haka tsuntsayen nan biyu na Rigveda, waɗanda suka sake fitowa a Mundaka da Shvetashvatara Upanishad, suka zama hujja a hannun kowane ɓangare. Ƙa'idojin ba su kashe saɓani ba, abin da suka yi shi ne tilasta wa kowane malami ya nuna harafin da ya tsaya a kai, inda abokin hamayya zai iya riskarsa.

Sharhin da ya fi kowanne faɗi shi ne na Sayana, waziri kuma malami a daular Vijayanagara ta kudancin Indiya, wanda ya rasu a 1387, kuma wanda ya bi Veda kalma-kalma yana rinjayar da ma'anar hadaya. Wannan sharhi ne wani Baturen masani, Max Müller, ya buga tare da matanin Rigveda a juzu'i shida tsakanin 1849 da 1874, kuma daga nan ne Turawa da 'yan bokon Indiya da yawa suka ɗauki Veda a matsayin waƙoƙin roƙon shanu da ruwan sama. Martani ya zo daga cikin gida. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a 1875, ya koma ga hanyar Yaska ta tushen kalma, ya ce Agni da Indra da Varuna siffofi ne na Ubangiji ɗaya, ko da yake ya wuce gona da iri da ya riƙa ganin ilimin ƙere-ƙeren zamani a cikin baitoci, abin da tsofaffin ƙa'idojin ba za su ɗauka ba. Sri Aurobindo, a jerin maƙalun da ya fara bugawa a mujallarsa Arya a 1914, ya kafa hujja da cewa kalmar go tana nufin saniya tana kuma nufin hasken rana, kamar yadda Nighantu ma ya lissafa ta, sai ya karanta shanun da aka ɓoye a kogo a matsayin hasken sani da duhun jahilci ya tsare, ya kuma ɗora wa kansa sharaɗin cewa ma'anar da aka ba kalma dole ta yi aiki a duk inda kalmar ta fito.

Ra'ayin Kautsa ma bai mutu ba. A watan Afrilu na 1975 malaman Nambudiri na jihar Kerala suka gudanar da hadayar bagadin tsuntsu ta kwana 12 a ƙauyen Panjal, suna tilawar baitocin da ka kamar yadda suka gada, kuma Frits Staal, masani ɗan ƙasar Holan da ya jagoranci naɗar ibadar a faifai da fim, ya fitar da maƙala a 1979 yana cewa ibada aiki ne mai bin ƙa'ida wanda ba ya ɗauke da ma'ana, yana kafa hujja da cewa hankalin masu yin ta yana kan daidaiton furuci da motsi ne. Masana da dama, na Indiya da na waje, sun yi masa raddi da abin da littattafan Brahmana suka faɗa kan tubala da kwanakin shekara da jikin Prajapati.